Inji Biyu, Hannu Ɗaya

A bayan tashar mota ta Azare, can inda masu gyaran injin ban-ruwa da na niƙa suka jera rumfunansu, akwai wani dattijo wanda ba a rasa duro cike da ruwa a ƙofar rumfarsa, rani da damina. Baƙo idan ya gani sai ya zaci na alwala ne, ko kuwa na wanke kayan aiki. Maƙwabtansa su suka san amfaninsa. Idan damina ta kankama, kogin Jama'are ya kawo ruwa, 'yan masu fiton nan da suka mallaki inji a wajen Katagum da Itas da ƙauyukan bakin fadama sukan ɗoro shi a bayan mota su kawo masa gyara. Shi kuwa ba ya yarda ya tada injin jirgi, komai gaggawar mai shi, sai ya rataya shi a bakin duron nan ƙafarsa ta nutse cikin ruwa. Da injin ya tashi, kafin ya dubi hayaƙi ko ya saurari ƙara, sai ya miƙa tafin hannunsa ƙarƙashin wata 'yar kafa da ke gefen injin, inda ruwa ke tsartowa siriri kamar daga bakin buta. Shi fitsarin inji yake ce masa. Sai ruwan nan ya taɓa hannunsa sa'an nan hankalinsa yake kwanciya.

Yara masu koyon aiki sun daɗe suna yi masa dariya a ɓoye saboda wannan al'ada, don ba su san irin tsadar da ya saye ta ba.

An haifi dattijon nan a tsohon garin Katagum, watau garin Malam Zaki, wanda shi ne mazaunin sarautar ƙasar kafin a mai da fada Azare a zamanin Turawa. Gidansu gidan masu fito ne. Kogin da ke wucewa ta gefen garin yana tasowa ne daga duwatsun ƙasar Jos, ya bi ta Jama'are, ya ratsa fadamu har ya gamu da kogin Haɗejiya, su haɗu su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Da rani yashi ne zalla a wurare da yawa, jaki ma ya ƙetare bai jiƙa kofato ba. Da damina kuwa sai ya tumbatsa ya raba mutum da gonarsa da kasuwarsa. Tun yana ɗan shekara 10 ubansa ya danƙa masa gora ya koya masa tunkuɗa kwale-kwale. A wancan zamani idan kaya suka yi nauyi, kamar buhunan gyaɗa, ko amaryar da za a kai wani gari da garanta, sai a jera kwale-kwale biyu kafaɗa da kafaɗa, a gitta itatuwa a ɗaure tamau da igiya, kana a shimfiɗa katako a bisa. Jirgi ɗaya yakan yi tangaɗi da nauyi, amma biyu in an ɗaure su da kyau ba kasafai suke kifewa ba.

Shekarar 1973 ta zo da farin nan da har yau tsofaffi ke ba da labarinsa. Kogi bai kawo ruwan kirki ba, gona ba ta yi ba, fito ya mutu. Sai ya bi sahun samarin ƙasar Katagum da na Haɗejiya masu tafiya cin rani gabas. Ya shiga mota daga Azare zuwa Potiskum, daga nan Maiduguri, sa'an nan ya ƙara kusan kilomita 200 zuwa Baga. Tafkin da ya tarar ya riga ya soma ja da baya. Masana sun ƙiyasta cewa a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, amma kafin tsakiyar shekarun 1980 buɗaɗɗen ruwan da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Duk da haka, ga wanda ya tashi a bakin kogin da ake jiyo kiran mutum daga ɗaya gaɓar, ragowar nan ma teku ce. Kifi kuwa a lokacin sai wanda ya gani, banda tana fita daga Baga mota-mota har Anacha da Ikko.

A can ne ya fara ganin injin da ake maƙalawa a bayan jirgi. Wani Ba'amurke ɗan asalin Norway mai suna Ole Evinrude shi ya fito da irin da ya karɓu a kasuwa tun wajen 1909, kamfanin Yamaha na Japan kuma ya shiga sana'ar a 1960, har injunansa suka cika ruwayen Afirka ta Yamma. Maigidan da ya ɗauke shi wani Banufe ne wanda ya yi tuƙi a kogin Kwara kafin ya hauro tafki. Shekara biyu cur bai bar shi ya taɓa hannun inji ba. Aikinsa kwarfe ruwa daga cikin jirgi, da ɗaukar jarka, da wanke fulogi. Amma a cikin wannan bauta ne ya koyi abin da ba a koyo a kujerar tuƙi.

Ya koyi cewa wannan irin inji ba shi da tukunyar baƙin mai kamar na mota, a cikin fetur yake shan mansa, saboda haka wanda ya haɗa man shi ya yanke wa injin kwanakinsa. Tanki mai cin lita 25 rabin lita na man inji ake zuba masa, watau kashi ɗaya cikin hamsin, sabon inji kuma akan ninka masa a kwanakin farko. Wanda ya rage don rowa, fistin zai ci kansa. Wanda ya ƙara don tsoro, fulogi zai toshe da baƙi, inji ya riƙa tari. Har ila yau ba a zuba mai sai ta mazurari da ƙyalle mai tsabta a bakinsa, kuma in man na sabon wuri ne sai an ɗiba a kwalba an bar shi ya kwanta an duba, domin ruwa ya fi fetur nauyi, a ƙasan tanki yake zama, daga ƙasan nan kuma inji yake zuƙa.

Ya koyi duba kan fulogi kamar yadda makiyayi ke duba hancin saniya da safe. In ya yi ƙasa-ƙasa, lafiya lau. In ya yi baƙi da maiƙo, mai ya yi yawa. In kuwa ya yi fari fat, to, inji yana ƙuna, a nemi dalili tun da wuri. Ya koyi kwance ƙusar da ke can ƙasan ƙafar inji ya ɗiga man giya a yatsa, in ya fito fari kamar madara ya san ruwa ya shiga. Sau da yawa abin da ke jawo haka bai wuce zaren kalli ba, wanda yake nannaɗe sandar farfela a hankali har ya yanke zoben robar da ke tsare ruwa. Don haka kowace yamma sai an ɗaga inji an duba bayan farfela. Bugu da ƙari, ba a barin gaɓa sai da gwangwani a ƙarƙashin kujera, a ciki akwai fulogi biyu, da sifana, da igiyar tada inji, da 'yan ƙusoshin nan na farfela waɗanda aka yi su musamman don su karye idan ta daki kututture, su fanshi giya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma babbar magana ita ce ta ruwa. Injin jirgi ba shi da lagireto, ruwan da yake tafiya a kai shi yake sha ya huce. A ƙasan ƙafarsa akwai 'yan ramuka masu raga, sama da su kuma akwai wata 'yar farfela ta roba wadda ba ta fi bakin gwangwanin madara faɗi ba, ita ce ke tura ruwa sama ya kewaye kan inji kana ya fita. Ɗan kaɗan daga cikinsa shi ne ke tsartowa ta gefe, don direba ya shaida da idonsa. Robar nan idan ta juya a bushe, ko na ɗan taƙin lokaci ne, sai ta ƙone fikafikanta su karairaye. In kuwa ciyawa ko leda ta rufe ragar, injin zai ci gaba da gudu muryarsa daidai, alhali kuwa yana dahuwa daga ciki. Banufen nan yakan ce masa, “Yaro, idonka ɗaya gaba, ɗaya baya. Na gaba don hanya, na baya don fitsari.”

Da hunturun 1978, bayan an ba shi jirgi na kansa, ya yi lodi a wani tumbu, watau ɗaya daga cikin tsibiran nan na tafki, zai koma Baga da kwalayen banda da fasinja. Har ya yi niyyar kwana sai ga wani masunci da matarsa ɗauke da ɗansu wanda bai fi shekara 4 ba, zazzaɓi ya ci ƙarfinsa har yana fizge-fizge. Uban ya roƙe shi don Allah su tashi a ranar, ko a kai yaron asibiti kafin dare. Ya tausaya, suka tashi bayan la'asar. Suna cikin ratsa wata siririyar hanya a tsakanin ciyayi sai gardama ta kaure tsakaninsa da wani ɗan kasuwa kan kuɗin kwali uku. Ya saki ido daga baya, ya shiga lissafi da rantsuwa. Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Abin da ya farkar da shi warin fenti ne mai ƙuna. Kafin ya kai hannu ya kashe, injin ya yi sanyi, ya yi ƙas, ya tsaya. Ya ja igiya ta ƙi motsi, fistin ya riga ya kama. Da ya ɗaga injin sai ya ga ganyen bado da 'yar ciyawa sun liƙe a kan raga, duka-duka ba su cika tafin hannu ba.

Filafili ɗaya ne a jirgin, gora kuma in an kafa ta sai ta nutse cikin laka. Iskar hunturu ta riƙa kora su tana cusa su cikin ciyayi, hazo ya rufe gabas da yamma. Kwana biyu suka yi a nan, sauro yana cinsu. Da asubar rana ta biyu yaron nan ya cika a cinyar uwarsa. Sai a rana ta uku waɗansu masunta Buduma suka ji kiransu suka ja su zuwa gaɓa. Da suka sauka, uban yaron ya kama hannunsa ya ce, “Malam direba, kwana ne ya ƙare. Kada ka sa wa ranka damuwa, ai taimakonmu ka yi.” Dattijon yakan ce da mutumin nan zaginsa ya yi, da watakila abin ya fi masa sauƙin ɗauka. Bai taɓa shakkar cewa ajali na Allah ne ba, kuma ko da sun isa Baga a daren nan babu wanda ya san abin da zai faru. Amma ya san nauyin ciyawar da ya ɓamɓare daga ragar nan, don da hannunsa ya auna ta, ya kuma san inda idonsa yake sa'ad da ta liƙe.

Shekara 40 da ɗoriya ya yi a tafki, daga tuƙi ya koma gyara. A watan Janairu na 2015, da aka kai wa Baga mummunan farmakin nan, ya fito da iyalinsa da tufafin jikinsu da gwangwanin kayan aikinsa kaɗai. Bai koma Katagum ba, ya zauna Azare, domin a nan ne injin ban-ruwa da janareto suka yi yawa, mai gyara ba ya rasa na tuwo.

Autansa, wanda ya tashi a gindin inji tun a Baga, bai iya zaman ba. Ya tafi Ikko, ya yi aiki a jiragen fasinja na cikin gari, har wani attajiri ya ɗauke shi ya riƙa kula masa da injunan jirginsa na shan iska a teku. Da Babbar Sallar 2023 ya zo gida, bayan an ci nama an natsa, ya zaro waya ya nuna wa tsohon hoton jirgin. Fari ne fes, tsawonsa kamar mita 12, faɗinsa ya kusa mita 7, yana da gangar jiki biyu a jere da ɗaki a bisansu, ga kuma wani dogon sanda a tsakiya wanda ake ɗaga masa babban ƙyalle don iska ta tura jirgin. Turawa suna ce masa katamaran, amma daga bakin Tamilawa na kudancin Indiya aka aro sunan, ma'anarsa itatuwan da aka ɗaure. Mutanen tsibiran tekun Fasifik ma tun zamanin da da jirage biyu a ɗaure suke ƙetare dubban mil, har a 1976 wani irinsa mai suna Hokule'a ya tashi daga Hawai ya kai Tahiti ba inji ba kamfas. Tsoho ya daɗe yana duban hoton, sa'an nan ya yi dariya ya ce, “Ashe abin da muke ɗaura wa amarya da buhun gyaɗa ne aka shafa wa fenti.”

Yaro ya shiga bayani da alfahari. Ya ce kowace ganga tana da injinta na gas a can baya, da tankinsa, da farfelarsa. Iska ce ke yin doguwar tafiya, amma fita daga tasha da shigowa, da ranar da iska ta kwanta, da cajin batir, duk na inji ne. In ana so a juya jirgi a matsattsen wuri, sai a sa ɗaya gaba ɗaya baya, jirgin ya juya a inda yake kamar dutsen niƙa. A doguwar tafiya kuma akan kunna ɗaya a huta da ɗaya don tattalin mai, ana duba agogon awoyi ana musanya su, kada wani ya tsufa ya bar ɗan'uwansa. Ya ce injin gas ba shi da fulogi, matse iska yake yi har ta yi zafi ta kunna mai, saboda haka iska ko kaɗan in ta shiga bututun mai sai ya mutu, sai an sassauta ƙusa an fitar da ita. Kowace safiya yakan shiga ramin inji ya duba baƙin mai da ruwan sanyaya, ya danna fambel da yatsa, ya leƙa ƙasa ko akwai yoyo. Bayan kamar awa 250 na aiki, ko shekara guda, yakan juye baƙin mai ya sake matata. Akwai kuma waɗansu dunƙulen ƙarfe da ake ɗaura wa ƙafar inji don gishirin teku ya cinye su maimakon ya ci ƙafar, in sun zaizaye rabi a sake.

Tsoho ya tambaye shi, “To, ina yake fitsari?” Yaro ya yi dariya ya ce ta salansa. Ruwan teku yana shiga ta ƙasa, ya bi ta rariya, 'yar farfelar roba irin wadda Baba ya sani ta tura shi ya sanyaya ruwan daɗin da ke kewaya inji, kana ya fita tare da hayaƙi yana ɓulɓula. Tsoho ya gyaɗa kai, ya ce ashe dai jikan ne bai bar halin kakansa ba. Daga nan sai yaron ya faɗi maganar da ta ɓata hirar. Ya ce, “Amma fa Baba, mu ba mu da irin fargabarku ta da. Inji biyu gare mu. In ɗaya ya mutu, ga ɗaya.”

Dattijo ya yi shiru, ya ajiye tsinken naman da ke hannunsa. Can ya ce, “Wa ke zuba wa na dama mai?” Yaro ya ce shi ne. “Na hagu fa?” Ya ce shi ne. “Daga jarka nawa?” Yaro bai amsa ba. Tsoho ya ce, “To, ɗana, inji ɗaya gare ka, ka dai raba shi gida biyu. Ranar da aka sayar maka da mai mai ruwa, tare za su sha, tare za su mutu. Ranar da ka yi ƙiwar duba robar wannan, ka yi ƙiwar duba ta wancan, don ranar ɗaya aka sa su, shekarunsu ɗaya. Mu da muke ɗaure jirgi biyu, ba jiragen muke tsoro ba, igiyar muke dubawa. Kai ne igiyar.” Ya ce masa abu biyu zai riƙe. Na farko, duk man da bai san asalinsa ba ya ɗiba a farar kwalba ya bar shi ya kwanta ya duba ƙasansa. Na biyu, kada ya taɓa shayar da injunan nan biyu sabon mai daga wuri ɗaya a rana ɗaya. A daren nan ne kuma ya ba shi labarin yaron da ya cika a cikin ciyayi, labarin da ko uwarsu ba ta taɓa ji daga bakinsa ba.

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. A ƙarshen wannan shekara, man gas yana tsada ƙwarai, wani daga cikin yaran attajirin ya kawo jarkoki daga inda ya samo da rahusa, ana gobe maigida zai fita teku da iyalinsa. Autan ya tuna da maganar tsoho. Ya zuba sabon man a tankin dama kaɗai, ya bar na hagu da tsohon man da ya rage, ko da yake mai kawowa ya yi ta faɗa yana cewa ƙauyanci ne. Kwalba kuwa bai nema ba, don yamma ta yi, ga gajiya.

Washegari suka yini a teku lafiya. Da suka juyo da yamma iska ta kwanta, aka sauke ƙyalle aka tada injuna. Mashigin tashar Ikko yana tsakanin dogayen katangun duwatsu ne guda biyu da aka jera cikin teku, kuma idan ruwa yana janyewa ya gamu da igiyar teku a bakin nan sai ya yi ta tafasa. Wannan jijjiga ita ce ke tada duk abin da ya kwanta a ƙasan tanki, ruwa ne ko dauɗar nan mai yauƙi da ke tsirowa inda ruwa da gas suka haɗu. Suna tsakiyar mashigi injin dama ya yi tari sau biyu ya mutu. Jirgi mai ganga biyu idan inji ɗaya ne ke tura shi a hankali, karkata yake yi ya nufi gefen da ya mutu, a gefen nan kuwa duwatsu ne. Direba ya ƙara wa na hagu wuta ya danne sitiyari, yara suna kuka a ɗaki. Autan ya faɗa ramin inji, ya tarar kwalbar da ke ƙarƙashin matata ta cika rabi da ruwa. Ya tsiyaye, ya sake matata, ya fitar da iska, hannunsa yana rawa. Kafin injin ya sake tashi na hagu ya riga ya fitar da su daga bakin duwatsu shi kaɗai.

A daren nan ya bugo waya Azare yana ba da labari, rabi godiya rabi neman yabo. Tsoho ya saurara har ƙarshe, ya yi hamdala, sa'an nan ya ce, “Ka zuba a kwalba?” Waya ta yi shiru. Can yaro ya ce, “Ban zuba ba, Baba.” Dattijo ya ce, “To, rabin karatu ka biya, Allah ya rufa maka asiri da shi. Ni ranar tawa ko rabin ban biya ba. Gobe da safe ka nemi kwalba.”

Wannan magana ba ta masu jirgin shan iska kaɗai ba ce. Jama'a ba su manta da jirgin da ya nutse a kusa da Wara ta Jihar Kebbi a watan Mayu na 2021 ba, inda rayuka masu yawa suka salwanta, ko kuwa na Bagwai ta Jihar Kano a watan Nuwamba na 2021, wanda da yawa daga cikin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne masu tafiya Mauludi. Ba kowane haɗari ne laifin inji ba. Akwai lodin da ya wuce kima, akwai tafiyar dare, akwai ruɓaɓɓen katako da rashin rigar ruwa, kuma dokokin da hukuma ta kafa a kan waɗannan abubuwa sun dace a bi su. Sai dai babu wani ma'aikaci da zai tsaya a kowane mashigi kowace safiya yana leƙa ƙasan tanki, ko yana duba bayan farfela. Wannan aiki na mutum ɗaya ne, watau wanda ya karɓi kuɗin fito. Fasinja da ya miƙa masa kuɗi ya zauna bai san fulogi ba, bai san matata ba, ransa da na 'ya'yansa ya ba shi amana. Inji kuma ba ya mutuwa sai ya yi gargaɗi, ko da launin fulogi, ko da farin man giya, ko da ɗigon ruwa a kwalba, ko da yankewar tsartuwar nan. Abin da yakan rasa shi ne mai dubawa.

A watan Agusta na 2024 ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙasar Katagum, ƙauyuka da dama kuma suka koma sai da kwale-kwale ake shiga. A kwanakin nan injuna uku aka jibge wa dattijon a rana ɗaya, kowane mai shi yana cewa nasa za a fara. Tsoho ya tafi sallar azahar, ya dawo ya tarar wani sabon yaronsa ya jingina inji da bango, ya naɗe igiya a hannu zai ja a bushe don ya burge mai shi. Bai daka masa tsawa ba. Ya dafa kafaɗarsa ya nuna masa duro, suka kinkima tare suka rataya. Yaro ya ja igiya, inji ya tashi. Dattijo ya sa hannuwansa a baya, ya ce, “Yau kai za ka tara.” Yaron ya miƙa tafinsa yana duban mutane yana jin kunya. Aka ɗan jima ba komai, sai ga ruwa ya tsarto, da fari da sanyi, daga baya ya yi ɗumi. Tsoho ya ce masa ya bar hannun a nan tukuna, ya ji yadda lafiyayyen inji yake, don ya gane ranar da ya sake.

Allah ya kiyaye matafiya na ruwa da na tudu, ya ba masu riƙon amana ikon riƙe ta, amin.